Ranar da Na Kira Sunan Babana a Asibiti

Ranar wata Laraba ce, cikin azumin shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri, naƙuda ta kama Innata tana tsaka da surfen gero a gidanmu na Mafoni. Shekarata goma sha ɗaya, ban san naƙuda da wani haɗari ba, ni dai murnata zan yi ƙani. Wata biyu na yi ina shiri. Na wanke tsofaffin zannuwa na yayyaga su tsumma, na taya Kaka haɗa turaren wuta, na kuma ishi ƙawayen da muke carafke da su a gindin dogon yaro da cewa ni zan fara goya shi. Baba ya tafi Kano saro yadi, babu waya balle a kira shi. Da Kaka ta ce in ɗauki kwandon kaya in biyo su, sai da na daka tsalle, don ban taɓa shiga asibiti ba.

A keke muka tafi, ina gefen direba na rungume kwando. Duk shingen da muka iso sai ya leƙa da kai ya ce, "Mai haihuwa ce," sojoji su ɗaga hannu mu wuce, ga mutane a layi suna kallonmu. Ranar ji na yi garin nawa ne.

Asibitin ya cika maƙil da matan da suka gudo daga ƙauyukan Konduga, wasu a gado, wasu a tabarma har baranda. Inna ta yi sa'ar gado. Sunanta Falmata, a garinmu kuwa in ka tsaya bakin kasuwa ka kira Falmata, sai ka rasa wadda za ka amsa wa. Da azahar Kaka ta fita alwala ta bar ni ina yi wa Inna fifita. Sai ga wata nas da katuna a hannu, a gajiye, tana kiran Falmata. Inna ta ɗaga hannu. Nas ta ce, "Sunan mijinki?" Inna kuwa tunda aka kawo ta gidan Baba bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko a gabanmu "maigidan" take cewa. Ta sunkuyar da kai. Nas ta sake tambaya, ta ja tsaki, ta zari katin da ke sama, ta dangwala yatsan Inna a wata takarda, aka turo gado mai taya.

Ni sha'awar gadon ma nake, ina binsa da gudu-gudu. Kuma ina da cutar karanta duk abin da na gani, ko ledar burodi ce. Idona ya sauka kan katin da aka ɗora a ƙafar Inna, na haɗa baƙaƙen: Falmata Bukar. A ƙasa an ja layi da jan biro. Na tambayi mai tura gadon ina za a kai ta, ya ce tiyata, yaron a gicciye yake. Na riƙe ƙarfen gadon na ce ba Bukar ba ne, babu wanda ya saurare ni, har ƙofar ta buɗe. Sai na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Modu ne! Sunan babana Modu mai yadi!"

Mutanen baranda suka juyo suna kallona, ni kaina sai da na rufe bakina, don ban taɓa kiransa gatsal haka ba. Wata tsohuwar ungozoma ta zo ta karɓi katin, ta lalluba cikin Inna ta ce, "Wannan kansa na ƙasa, ku mayar da ita." Aka bi tabarmi ana cigiya, aka samo Falmata matar Bukar a can ƙurya, tun safe take murƙususu tana jira. Ita aka shiga da ita da gudu, kuma ɗanta ya zo da rai.

Kafin la'asar Inna ta haifi ƙanina Abba da kanta, ko allura ba a yi mata ba. Na shiga ina rawar ƙafa, ina jiran yabo. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ke, babanki sa'anki ne?" Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta miƙa mini jaririn.

Yau ni ma na haifi uku. Duk sanda na je asibiti nakan faɗi sunan mijina da na mahaifinsa tun kafin a tambaye ni, in kuma ce a nuna mini katin. Inna ta rasu bara, kuma ni na yi mata wanka. Da na zo kan cikinta na tsaya na daɗe ina kallo, sumul yake, babu tabon wuƙa.