Munduwar Azurfa a Layin Tikiti

Tana gabana a layin tikiti a tashar mota, doguwar budurwa mai jakar goyo, tana ta juya munduwar azurfa a hannunta. Layi na zuwa kanta wata mota ta danna hon. Budurwar ta toshe kunnuwa, magana ta maƙale.

"Ina za ki?" in ji mai tikiti.

Sai ta miƙa masa hannu, ya karanta rubutun jikin munduwar: "Ina da larurar otizim. Hayaniya kan ɗauke min magana."

Ya sassauta murya. "Ƙanwata, ba sauri. Nuna min garin a allo."

Ta nuna. Ina jin yau ta fara tafiya ita kaɗai, don ga ta can tana ta dariya, tana ɗaukar tikitin hoto.