Rawar da Ba a Yi Ba

Ƙamshin ɗanyar masara a kan garwashin totuwa, da ƙarar ƙwayoyinta idan suka fara fashewa, su ne ke mayar da ni tsakar gidanmu a Doguwa. Ina da shekara goma, damina ta ja baya. Da an idar da sallar magariba, Iya, mahaifiyar Babanmu, za ta jawo kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu haɗa baki, "Mun shimfiɗa!"

A wannan makon gidanmu ba daɗi. Yayana Habibu ya yi fim, na farko a rayuwarsa, a kan wani tsohon mahaƙin kuza da ya koma Riruwai neman ramin da ya rufta da amininsa. Kafin ya fara, sai da Baba ya gindaya masa sharaɗi ɗaya: ba waƙa, ba rawa. Baba ladan ne a masallacin unguwarmu, yana ji da sunansa. Yaya ya yi alkawari, ya kuma cika. Ni na kalli fim ɗin a gidan maƙwabta, zaune a jikin Iya. Babu ko kiɗan ƙwarya. Akwai duwatsu, da ruwan tsofaffin ramuka mai launin kore, da wani tsoho da ke magana da ƙasa.

Sai ranar Juma'a wani dattijo ya miƙa wa Baba wata mujallar fim ta Kano a ƙofar masallaci, a gaban jama'a. A ciki, wani mai sharhin fina-finai ya rubuta cewa waƙoƙi sun cinye labarin, kuma rawar da saurayi da budurwa suka yi a kan dutse ta saɓa wa tarbiyyar Bahaushe.

"Baba, wallahi babu waƙa ko ɗaya," in ji Yaya, yana durƙushe, faifan fim ɗin a hannunsa. "Ga shi, ka kalla da idonka."

"In zauna da gemuna in kalli rawa? Mutumin da aikinsa ke nan ya gani, ya rubuta, an buga. Gonarsa ka ci da zai yi maka ƙarya?"

Mahaifiyarmu ta buɗe baki, ya ce uwa ba ta shaidar ɗa. Mu yara kuwa ba wanda ya tambaye mu. Wadda ta rage ita ce Iya, amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido da ido, ko ruwa take so ya miƙo mata sai ta aiki ɗayanmu. Alkunyar shekara hamsin ba ta karyewa saboda faifai.

Daren nan Baba na kan buzunsa a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi. Yaya na rakuɓe jikin rumbu.

"Angona," Iya ta ce masa, "zo ka ci masara, ko saki na ka yi ban sani ba?" Bai yi dariya ba. Ta juya masarar, ta kira baƙuwarta, muka shimfiɗa.

Ta ce a garin dabbobi, duk budurwar da ta dafa tukunyarta ta farko sai Hankaka ya ɗanɗana, ya hau rimi ya faɗa wa gari yadda ya ji. Abincinsa ke nan, ba ya noma, ba ya surfe. Da ya yi ƙiba, sauka ta fara yi masa wuya. Daga kan reshe yake leƙen hayaƙi ya yanke hukunci.

"Baƙin tsuntsu da farar riga a ƙirji," Iya ta ce, ta yi tsaki. "Bai taɓa hura wuta ba, amma shi ne sarkin baki."

Sai shekarar Bushiya ta zo. Uwarta ta ce ta yarda ta dafa, amma kada ta sa barkono, don idanunta ba sa so. Bushiya ta bi dawa kwana uku da gajerun ƙafafunta, ƙudan zuma suka harbe ta a hanci, ta dawo ta dama kunu da zuma. Hankaka ya hango tururi daga nesa, ya buɗe baki: "Barkono! Tukunyar Bushiya barkono zalla!" Dabbobi suka toshe hanci suka wuce. Uwar ma ta juya baya. Kunun ya huce, ya kwana, ya yi tsami.

Ni ce na kasa haƙuri. "Iya, to me ya hana uwar ta ɗanɗana?"

Iya ta ɗaga murya fiye da yadda tatsuniya ke bukata, idonta na kan wuta. "Ni ma shi nake tambaya, 'yar nan. Hankaka dai hankaka ne, Allah ya tsine wa bakinsa. Amma wadda ta haifa, tukunya na gabanta, ludayi ɗaya zai kashe ta?"

Ƙarar carbi ta tsaya. Har masarar da ke ƙonewa babu wanda ya juya. Na ga Yaya ya ɗago kai yana duban Baba, kamar manomi na duban hadari. Baba ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya zura takalmi.

"Lokacin kiran isha'i ya yi," ya ce, ba da kowa ba. Lokacin bai yi ba.

Iya ba ta sallami baƙuwarta a daren ba. Ta ce mu tashi, hayaƙi ya dame ta.

Baba bai kalli fim ɗin ba, har ya koma ga Allah. 'Yan kasuwar Kano suka dawo da faifan a kwali, wai masu son rawa sun saya sun ga babu, masu gudun rawa kuma sun karanta sun ƙi saya. Yaya ya sayar da kyamararsa. Yau yana da shagon taki a Tudun Wada, idan aka kunna fim a kusa da shi sai ya tashi ya ba da wuri.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta uwar Bushiya ce, na yi shekaru ina jin haushin Baba. Yanzu haushin ya koma inda ya dace. Baba mutum ne da ya tashi yana girmama rubutu, a wurinsa abin da aka sa wa tawada ba ya ƙarya. Wannan amanar masu sharhi ke ci. Ni mai son fim ce, mai son a faɗi gaskiya a kansa ko da ɗaci. Amma har yau idan na ji ɗayansu a rediyo ko a waya yana yanka aikin shekara guda cikin minti biyu, da muryar wanda ya ƙoshi, sai in ji zuciyata ta bushe. Ban iya yi musu uzuri ba, na gwada.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina neman wani abu dabam a laburare, na ci karo da tsofaffin kofen mujallar nan an ɗinke su wuri guda. Na nemo shafin Yaya, na karanta a tsaye. Sai na ci gaba da buɗawa baya. Na sami wannan sakin layin, na waƙoƙin da suka cinye labari da rawar kan dutse, kalma da kalma, a ƙarƙashin sunan wani fim dabam. Mutumin ya fara rubuta shi shekara biyu kafin Yaya ya taɓa riƙe kyamara.