Uban baftismar da ya tsaya a bakin ƙofa

Shekarun baya, lokacin da Fafaroma ya kawo ziyara Abu Dhabi, na kusa rasa abokina a kan wata takarda da ni kaina ban karanta ba.

Ƙauyenmu ɗaya da shi a ƙasar Malumfashi, gidajenmu duka 'yan Katolika ne. Mahaifinsa ne uban baftismata, mahaifina ne nasa, don haka tun kafin mu yi aure kowa ya san shi zai tsaya wa ɗana na fari a gaban Fada, limamin coci. Shi ne ma ya samo mini aiki a sitonsu da ke unguwar Al Qusais, a ƙasar da Fafaroman ya ziyarta.

Na bi motar coci na je Misar Fafaroma, na dawo murya a dishe. Washegari a wurin aiki na tare shi da labari ina ta zuba. Ya bari na gama.

"Wannan ba Fafaroma ba ne," ya ce. "Mutumin da ya sa hannu a takarda cewa bambancin addinai nufin Allah ne? Ya saki koyarwar da muka gada. Kujerar Bitrus, ta Fafaroma, babu kowa a kanta, khalas, magana ta ƙare."

Ashe ya daɗe yana sauraron wasu masu wa'azi a waya, waɗanda ke cewa Misar Latin ce kaɗai Misa. Ni kuwa ilimina na addini bai wuce katikismar da ake koya wa yara ba, amma baki akwai kaifi. Na kira shi ɗan bidi'a, ya ce ai ni ne mai bin ɗan bidi'a. Wani Bakano abokin aikinmu da ke shan shayi a gefe ya ce, "Ashe ku ma kuna da irin namu? Ni na ɗauka mu kaɗai ke kafirta juna."

Daga nan ya daina zuwa coci, tsakaninmu sai gaisuwa.

Da matata ta haihu, na karɓo fom ɗin baftisma. A ciki an ce dole uban baftisma ya kasance mai zuwa Misa, mai karɓar Yukaris, wato jibin Ubangiji. Ban yi wata-wata ba na rubuta sunansa, na amsa musu da e, na kai masa.

"Ka sa hannu kawai," na ce. "Jama'ar da ke shiga cocin nan ba ta ƙirguwa. Ina Fada zai san ka daina zuwa?"

Ya daɗe yana kallon fom ɗin.

"Kai ka yarda da Fadan nan, ni ban yarda da shi ba," ya ce. "Amma kai ne za ka yi masa ƙarya, a kan baftismar ɗanka kuma? Ba zan sa hannu ba." Idanunsa suka yi ja. "Don Allah kada ka gaya wa Baba tukuna."

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Na karɓo sabon fom, na roƙi wani dattijo a cocinmu ya tsaya mana.

A al'adarmu uban baftisma ne ke kawo farar riga da kyandir. Ranar baftisma muna isa, sai ga abokina a bakin ƙofar coci, cikin rana, riƙe da leda. Ashe ya je unguwar Satwa ya sa tela ya ɗinka rigar.

"Wannan dai fom bai hana ni ba," ya ce. Ya miƙa wa matata. "Yalla, ku shiga, rana za ta dafa yaro."

Bai shiga ba. Da muka fito kuma yana nan inda muka bar shi, rigarsa sharkaf da gumi, ya miƙo hannu a ba shi yaron.

Har yau ban yarda da maganarsa ba, kuma abin yana mini ciwo duk lokacin da na zauna a Misa na ga babu shi a gefena. Da aka zaɓi sabon Fafaroma na tsokane shi, na ce kujerar fa? Ya ce yana dai kallo tukuna. A littafin coci sunan dattijon nan ne, amma abokina ne ya koya wa yaron addu'ar Ubanmu.

Ni kuma tun daga lokacin bakina ya yi nauyi da kiran wani ɗan bidi'a. Ranar fom ɗin nan, tsakanin mai Fafaroma da marar Fafaroma, na san wanda ya ji tsoron Allah, kuma ba ni ba ne.