Yadda Jibrilla Rezo Ya Raba wa Mutanen Gesheme Layi

Shekara huɗu Jibrilla ya yi a Yamai yana riƙe wa masu kafa eriyar salula tsani. Da ya dawo Gesheme sai ya ce shi teknisiyan ne, kuma ba wanda ya musa, domin ba wanda ya ga tsanin. Ya kafa eriya a kan rumfarsa, ya sa wifi, mutane suka laƙaba masa Jibrilla Rezo, wato Jibrilla mai netwok.

Ranar kasuwa abin yake lalacewa. Mutum talatin za su cika rumfar, kowa na dannawa, saƙon kowa ya tsaya yana juyi.

Jibrilla ya hau kujera ya yi bayani. "Hanyar iskar nan guda ce. In kun tura lokaci ɗaya sai saƙonni su yi karo. Haka injuna ke yi: in an yi karo kowa ya dakata, ya zaɓi lamba a ransa, ya ƙirga, sannan ya sake turawa."

Kowa ya shiga motsa leɓe yana ƙirga. Can sai duk suka danna tare. Ashe kowa uku ya zaɓa, don kada a riga shi.

Washegari ya kawo ƙwarya da ƙwallayen dabino masu lamba, kowa ya ɗauka. Yayarsa Ruƙayya ta ɗauki ashirin da bakwai, ta mayar.

"Ni da na goya ka zan jira mutum ashirin da shida? Allah ya kiyaye."

Ta zauna ta yi wa ɗiyarta da ke aure a Doso saƙon murya na minti goma sha ɗaya, rabinsa gaisuwa. Saƙon ya ƙi tafiya. Jibrilla ya sa kowa ya kashe wayarsa, har liman. Saƙon dai bai motsa ba.

Jibrilla ya ciro tasa wayar zai kira tsohon maigidansa na Yamai, sai ga ta da zafi kamar garwashi. Tun safe take sauke bidiyon kokawa guda arba'in da ya manta ya danna.

Ruƙayya ta leƙa ta gani. "Mi ne ne wannan, ƙanena?"

"Gwaji ne, Yaya."

Ta karɓe wayar ta ɗaure a bakin zanenta, ta ce sai la'asar zai gan ta. Tun daga ranar, duk kasuwa wayar teknisiyan a hannunta take yini, saƙonni kuwa na tafiya sumul.