Ranar Da Sunana Ya Fito Daga Hula

Ko zan manta da komai na zamana a ƙasar Batsari, ranar da muka zauna rubuta dokokin ƙungiyarmu ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Wagini, mai gari kuma ya ba ni aron 'yar gona ina taɓa gero da wake. Manoman garin suka kafa ƙungiya don su riƙa samun taki da iri, suka naɗa ni magatakarda. Da muka je sakatariya neman rajista, jami'in ya ce sai mun kawo dokokinmu a rubuce, kuma sai mun tura mutum ɗaya Katsina ya yi kwas na mako biyu. In ba haka ba, babu rajista, babu taki.

Kwas ɗin kuwa ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke tsere da shuka. Wa zai bar gonarsa? Muka taru gindin kukar ƙofar masallaci bayan la'asar, kowa yana kawo uzuri. Wannan ciwon ƙafa, wancan bikin suna a gida. Ni ma ban so zuwa ba, don an ba mu hutu a makaranta kuma na gama shirin kashe shi a gonata.

Da gardama ta yi tsawo sai na ce, "To a saka doka, duk aikin da aka rasa mai zuwa a yi ƙuri'a. Amma ban da shugaba da magatakarda, tunda su suna da nasu aikin." Yau in na tuna wannan wayon nawa, dariya nake yi wa kaina.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ya fi kowa shekaru, bai cika magana ba. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Malam, aje biron nan tukuna."

Ya ba mu labarin zamanin Turawa, yana ƙarami, da aka aiko a ba da mutanen da za a kai soja. Aka yanka karan dawa, aka tara magidanta, duk wanda ya zaro guntu shi ke nan. Mahaifinsa ya zaro guntu. "Ba ƙuri'ar ce ta ci mana rai ba," in ji shi. "'Ya'yan manya ba a ko kira su wurin ba. Kuma da ya tafi, babu wanda ya leƙa gonarmu. Ciyawa ta cinye ta, muka ci tafasa da rama har wata kakar. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma har ya rasu wannan ne abin da yake tunawa, ba yaƙin ba."

Sannan ya ce, "In za a yi, kowa ya shiga, har ni. Kuma wanda ta faɗa wa, gonarsa ta zama tamu har ya dawo. Rubuta haka."

Na rubuta. Na yayyaga takarda na sa sunan kowa, har da nawa, shugaba ya cire hularsa muka zuba. Liman ya yi bismilla, ya kau da kai, ya zaro ɗaya ya miƙo mini in karanta. Ina buɗewa na ga rubutuna, sunana ɓaro-ɓaro.

"Malam, karanta mana!" aka ce. Da suka ga na tsaya ina juya takardar, sai dariya ta ɓarke. Shugaba har da riƙe ciki. Dattijon nan ya dafa ni yana murmushi. "Ɗana, kai ko bindiga ba za a ba ka ba. Tafi abinka."

Na tafi Katsina, amma rabin hankalina na gona. Na san yadda na bar ta, ciyawa har gwiwa, kuma ni baƙo ne, ba ni da wa ba ni da ƙane a garin. Na ce a raina doka ce kawai a takarda.

Ranar da na dawo, na sa mai babur ya bi da ni ta gonar kafin gida. Da muka iso na ce masa ya yi ɓatan hanya. Kunyoyi fes, gero ya yi shar yana kaɗawa, har gurbin da wake bai fito ba an sake shukawa. Ashe gayya suka yi har sau biyu, matan gari suka kai fura. Dattijon da ba ya iya sunkuyo, aka ce kullum sai ya zo ya zauna a inuwa yana nuna inda aka tsallake. Na tsaya bakin gonar ina dariya ni kaɗai, idanuna sun cika da ƙwalla. Ban taɓa ɗaure damin gero irin na shekarar ba.

Mun samu rajista, taki ya zo, kuma daga baya har rububin shiga ƙuri'a aka riƙa yi. Ni dai abin da na koya shi ne, mutane ba sa gudun nauyi in sun ga bai tsallake kowa ba, kuma sun tabbata ba za a bar gidansu a baya ba. Tun daga ranar ban sake rubuta wata doka na cire kaina daga cikinta ba.