Ranar da na mai da mahaifina Bakatsine

Shekarun baya, ban daɗe da yin aure ba, ciwon suga ya fara kayar da mahaifina. A Onitsha aka haife ni, kuma tun da na yi wayo sana'a ɗaya na san shi da ita, sayar da albasa a rumfarsa ta wajen Head Bridge. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Amma a shekarar sai gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, har ya koma zaman benci yana nuna buhu da sanda, ni ina ciniki.

Asibiti sai abu ya yi tsanani muke zuwa. Mu sayi rabin maganin da aka rubuta, rabin kuma sai wani satin. Wani abokina da ke aiki a kemis shi ya ba ni labarin inshorar lafiya ta ƙasa. Ya ce ba ta ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ce, ɗan kasuwa ma yana shiga. A biya sau ɗaya a shekara, a ba mutum kati, ya riƙa ganin likita yana karɓar magani da sauƙi. Abin da ake buƙata kawai lambar shaida ta ƙasa.

Na ce, "To ai abin ya zo da sauƙi."

Ya ce, "Da saura. Ka manta Baba ɗan Nijar ne?"

Gaskiyarsa. Mahaifina daga wani ƙauye yake a bayan Madawa. Yana saurayi ya biyo motar albasa ya sauka a Onitsha, bai sake komawa da zama ba. Nan ya auri mahaifiyata, nan ya binne ta. Yaren Ibo a bakinsa ya fi nawa kyau. Amma a takarda baƙo ne, takardar ma ba shi da ita, in ban da wani tsohon katin Nijar da hotonsa ya kusa gogewa.

Abokin nawa ya ce in rubuta Jibiya kawai, wa zai je Katsina ya bincika. Har ya haɗa ni da wani da ya samo mana takardar ƙaramar hukuma. A lokacin ina jin kaina ɗan gari, wanda ya san ta inda ake bi. Na cike fam a gida, na mai da mahaifina Bakatsine ba tare da ya sani ba, na kuma kwana ina yaba wa kaina.

Washegari muka hau keke zuwa ofishin rajista. Da layi ya zo kanmu, wata mata ce 'yar babba mai tabarau a kan teburin. Baba ya gaishe ta da yaren Ibo, gaisuwa irin ta manya, ta yi dariya ta sa aka ba shi kujera. Ta duba fam ɗin, sannan ta ɗago ta tambaye shi inda aka haife shi.

"Papa, where dem born you?"

Ya faɗi sunan ƙauyensu a hankali, yadda za ta iya rubutawa. Ya ƙara da cewa a Nijar yake.

Na yi caraf na ce mata da Turancin kasuwa ai Jibiya yake nufi, tsufa ne, ba ya ji sosai. Baba ya juyo ya dube ni.

"Me ka rubuta a ciki?"

Matar ta dube ni, ta dube shi, sai ta turo min takardun da ɗan yatsa. Ta ce za ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce baƙo ma yana da damar yin rajista, kuma yana iya shiga inshorar, amma sai ya kawo katin izinin zama. Ta rubuta min matakan a bayan wata takarda. Ba ta ɗaga murya ba, amma na fita daga ofishin ina jin kamar kowa ya ji.

A cikin keke na kasa haƙuri. A gidanmu da "ku" muke kiran mahaifinmu, ban taɓa ce masa "ka" ba sai ranar.

Na ce, "Me zai rage ka in ka yi shiru? Ƙafarka tana ruɓewa, kai kana ta ƙauyen da ko kare bai san ka ba a cikinsa."

Mai keken Bahaushe ne, na ga ya dube ni ta madubi. Sai da muka wuce Kasuwar Ochanja sannan Baba ya yi magana, yana kallon titi.

"Iyayena suna kwance a can. Gonarmu an cinye, gidan ya rushe, 'yan uwana duk sun mutu. Sunan kawai ya rage min. Shi ma in bayar?"

Na bar maganar. Ba don na gane ba, don dai fushi bai sake ni ba.

Haka muka shiga doguwar hanya. Muka je wurin dattijon da ke shugabantar 'yan Nijar mazauna gari, ya shaida ya san Baba, aka aika takardu Abuja don a sabunta masa shaidar ƙasarsa. Muka jira. Da ta iso, aka ce sai ofishin shige da fice. Muka je, aka ce da sauran hoto, muka dawo, muka koma. Ba wanda ya wulaƙanta mu, kowa aikinsa yake yi, sai dai kowane mataki yana cin sati biyu ko uku, ƙafar kuma ba ta jira. Damina ta shiga muna wannan zirga-zirga. Na koma ɗaure masa leda a kan bandejin in za mu fita, saboda ruwan titi.

Akwai ranar da muka je har Enugu, don an ce injin ɗaukar yatsa na can yana aiki. Injin ya ƙi karanta yatsunsa. Shekara arba'in na ɗaukar buhu da ɗinkin igiya sun shafe zanen. Ma'aikacin ya shafa masa man fata, ya danna, ya sake dannawa, Baba yana ta ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifi. Da ƙyar aka samu yatsu uku suka hau.

A motar dawowa na zauna kusa da shi, ƙafarsa a kan cinyata don kada a taka. Tun daga tasha nake shirya kalmomin ban haƙuri a raina. Da motar ta tsaya a hanya na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am. Ga masu okpa can, sayo min ɗaya kafin direba ya ja."

Okpa kamar alale take, ta gurjiya, yana son ta sosai. Na sayo biyu. Muka ci, ya ɗan yi gyangyaɗi, ni kuma na ce a raina gobe ma rana ce, na faɗa masa a gida.

Lambar ta fito daga ƙarshe. Muka yi rajistar inshorar, na zaɓa masa asibiti kusa da mu. Nan ne aka sanar da ni cewa katin ba ya fara aiki nan take, sai an jira wasu makonni. A cikin makonnin ne aka yanke yatsan. Bayan yatsan, likita ya ce ciwon ya taɓa ƙoda.

Ranar da na karɓo katin, na same shi a ƙofar ɗaki yana shan iska bayan la'asar. Na miƙa masa. Ya kusanto da shi fuskarsa, don idon ma ya fara rauni, ya daɗe yana kallon hoton.

Ya ce, "Ashe haka na tsufa, ba wanda ya gaya min."

Matata ta yi dariya daga madafa, shi ma ya yi. Ya sa katin a aljihun gaban rigarsa ya ɗan dafa shi.

Sau biyu muka je asibiti da katin. Yana aiki kuwa, yadda abokina ya faɗa. Aka duba shi, aka ba mu magani cikakke, karo na farko da na fito daga wurin magani ban bar komai ba. A zuwa na biyu suka riƙe shi. Kwana huɗu ya yi a gado, ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ina riƙe da kofin ruwan da ya ce in kawo masa.

Mutanen kasuwa sun cika jana'izar, Hausawa da Ibo, har matan da ke sarin albasa a wurinsa sun rufe rumfunansu sun zo sun tsaya daga nesa. Bayan an dawo daga maƙabarta, limamin masallacinmu ya ja ni gefe ya ce, "Wa za a sanar a gida?" Na ɗauko waya na riƙe. Ba ni da lambar kowa.

Na yi shekaru ina ɗora masa laifi a ɓoye. Ina cewa da ya yi shiru a gaban matar nan, da katin ya zo tun kafin damina, da wataƙila yana nan. Wani likita ya taɓa gaya min ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin mu fara neman katin. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila lallashina yake yi. Ban sani ba, kuma na daina neman sani.

Abin da ya fi ci na yanzu daban ne. Na yi ta gudu daga ofis zuwa ofis don in tsawaita ran mutumin nan, amma ban taɓa zama na tambaye shi yadda gidansu yake ba, ko sunan kakata, ko me ya sa ya hau motar bai waiwaya ba. Shekara goma sha biyar muna rumfa ɗaya, kullum muna da lokacin da babu ciniki.

Allah ya jiƙan Baba. Wanda nasa ke raye, ya tambaye shi tun yana iya amsawa.