Anselmo na Taga ta Biyu

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Anselmo Bertolini yana jingine kekensa a bishiyar ƙofar bankin garinmu, ya gaida mai shara, ya zauna a taga ta biyu tun ba a buɗe ba. Tsofaffi masu karɓar fansho layinsa suke bi ko da ya fi tsawo, domin ba ya gajiya da maimaita magana ga mai nauyin ji. Juma'ar nan zai ajiye aiki. Na ɗauki alƙalami in yaba masa, sai na ga ba dama sai na fara tona wa kaina asiri.

Duk ɗan Ajantina da ya yi wayo a ƙarshen 2001 ya san watan da gwamnati ta kulle kuɗin jama'a a bankuna, ta ce peso ɗari biyu da hamsin kawai za ka cira a mako, ko uwarka ce a gadon asibiti. Tawa kuwa tana can, tana jiran aikin zuciya, kuɗin aikin yana cikin banki. Muka fito da tukwane da ludaya muna dukan ƙofar banki. Manaja ya tsiri ciwon baya, ya ɓace. Anselmo ne ya rage yana cewa babu sau ɗari a rana, ana tofa wa gilashin gabansa yawu. Mun bar jaki muna dukan taiki, kuma mun sani.

Ranar Lahadi ya zo kulob ɗinmu kamar yadda ya saba. Ni ke zuba shayin mate ranar. Ƙoƙo ɗaya ne, bututu ɗaya, yana zagayawa hannu zuwa hannu, ko baƙon da ya shigo tambayar hanya ba a tsallake shi. Na ba Rubén mahauci, ya zuƙe ya maido. Na sake cikawa, na miƙa ta gaban hancin Anselmo, wanda muke kira Dogo, na ba na gefensa.

"Hilario, ka tsallake Dogo fa," in ji Rubén.

"Wa ya tsallake shi? Nasa mako-mako ake bayarwa. Ya dawo gobe ya bi layi."

Aka kwashe da dariya, har da masu bubbuga cinya. Anselmo ya ɗauki hularsa. "Gaishe min da Mama," ya ce mini. Bai sake taka kulob ɗin ba, mu ma ba wanda ya je nemansa.

Bayan wata uku kotu ta sa aka sakar wa mahaifiyata kuɗinta, aka yi aikin, ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya. Na gasa rago na kai wa lauyarmu, Ofelia Ramseyer. A watan jiya, da ta ji Anselmo zai yi ritaya, ta kira ni ofishinta.

"Zauna, Hilario. Ragon nan naka, ɓatan gida ya yi."

Ta ɗora mini tulin ambulan a cinya. Ashe kowace Litinin takan tarar da guda a ƙarƙashin ƙofarta: sunan wani tsoho ko majinyaci, da duk takardun da alƙali zai nema, an tsara su da rubutun hannun Anselmo. Da bankin ya ji ƙishin-ƙishin, a ranar za su kore shi. Mutum hamsin da uku ya taimaka wa haka. Tasa ajiyar ta sayen gida ita ma tana cikin bankin, amma bai kai ƙara ba don kada ido ya dawo kansa, har ta narke ta koma kashi ɗaya cikin uku. Na duba ambulan ta farko. Sunan mahaifiyata ne, kwanan watan kuma washegarin ranar da na yi masa ba'a.

Kunya ta hana ni cin abinci kwana biyu. Na uku na same shi yana ba tumatirinsa ruwa.

"Dogo, shekara ashirin da uku kana fushi da mu, kuma da gaskiyarka."

"Fushin me? Kowa a lokacin uwarsa yake tunani." Ya kashe famfo. "Sau da yawa ina zuwa har bakin ƙofar kulob ɗin. Tsoro nake a sake tsallake ni. Na farkon na iya jurewa."

Anselmo, kai ne ka sha zagin da ba naka ba, ka rama da alheri a ɓoye. Ɗan halak, bangon da muka jingina muna jifa. Mun gode, ni da sauran hamsin da biyun da yawancinsu sai yau za su sani. Matasan da ke zama bayan gilashi yanzu su yi koyi da kai, mu na gaban gilashin kuma mu dubi fuskar wanda muke zagi. Kai kuwa kada ka sake zuwa bakin ƙofa kai kaɗai. Ranar Lahadi ka jira a gida, dukkanmu za mu zo mu taho da kai.